Ƙarfe a Miyar Batulu

Karo na uku ke nan da maburgin ya suɓuce ya faɗa cikin tukunya. Batulu ta tsaya tana kallon yadda ya nutse, sai ɗan kansa ya rage a saman ruwan zafi. Ba ta yi tsaki ba, ba ta yi salati ba. Ta sa ludayi ta tsamo shi ta ajiye a kan murfi, sannan ta kama hannunta na hagu da na dama ta mayar da shi kan cinyarta, kamar mai gyara wa jariri kwanciya.

Tukunyar ma ta gwaji ce, 'yar ƙarama, wadda ko mutum huɗu ba za ta ƙosar ba. Babbar tana can a kan murhu, ruwan daddawa da ƙashi da busasshen kifin kasuwar Kado na tafasa a cikinta tun da safe, tana jiran kuka. Ƙanwarta Ikilima na tsaye a kan tukunyar tuwo da muciya, ta ba ta baya. Irin ba da bayan nan ne na mutumin da ya ga komai.

"Yaya, ki bari in kaɗa," in ji Ikilima ba tare da ta juyo ba. "Wa zai sani?"

"Ni."

Wata uku da suka wuce hawan jini ya kayar da Batulu a nan gaban murhun. Ta farka a asibiti ta tarar an raba ta biyu, ɓari ɗaya nata, ɗayan kuma ba ya jin kira. Baki ya miƙe bayan mako biyu, ƙafa ta dawo tana ɗan ja, amma hannun hagu ya ce shi kam ya gama aiki. Maburgi kuwa bai san uzuri ba. Tafi biyu yake so, a sa shi a tsakiya a murza, 'yan tsinkayen kansa su riƙa juyi suna fasa kuka kafin ta dunƙule. Mai hannu ɗaya sai dai ta riƙe shi ta yi kallo.

Shekara ashirin da biyar Batulu na kaɗa miyar kuka a Abuja. Daga Zariya ta biyo mijinta direban tifa tun Garki na daji, ta fara dafa wa leburori. Da mijin ya rasu ta ci gaba, da makanikai suka tare a Apo ta bi su da tukwanenta. A duk layin masu abinci an san dokarta guda ɗaya: ƙarfe ba ya kaɗa mata miya. Ta ce yana kashe yauƙi, yana sa miya ta tsinke, kuma aikin malalata ne. Tukunyar kanta ta dalma ce, amma ba a taɓa samun mai ƙarfin halin tuna mata wannan ba. Ita kuwa Ikilima, tun da aurenta ya mutu ta zo ta zauna da yayarta, tuwo aka bar mata. Sau biyu ta taɓa maburgi, sau biyun Batulu ta ba layi dariya, tana cewa miyar Ikilima sai an tauna kafin a haɗiye.

Daga asibiti ɗanta Muktar ya wuce da ita gidansa a Jabi. Shi ne ɗan farinta, shi ya sa ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce "kai" ko "wancan ma'aikacin". Yana aiki a wata hukumar gwamnatin tarayya, kuma tun da soja suka koma bariki kuɗin mai ya fara zuba, abubuwa sun yi masa kyau. Ya ba ta ɗaki mai na'urar sanyi da taga mai kallon tafki. Wata uku ta yi tana kallon tafkin nan, tafkin na kallonta. Abin da ya riƙe ta kawai shi ne tunanin makanikan Apo suna can suna tauna gudajin Ikilima, suna haƙuri, suna jiran ranar da za ta dawo.

Ranar Laraba ta ce masa za ta koma. Ya kawo zancen likita, ya kawo zancen hayaƙi, ya ce a rufe rumfar, Ikilima ma ta dawo Jabi ta riƙa kula da ita. A nan ne bakin Batulu ya riga hankalinta.

"Ranar da na kasa kaɗa miyata da hannuna, ni zan miƙa maka makulli."

"To shi ke nan, Umma," ya ce. "Asabar bayan azahar zan zo da akori-kura. In kin kaɗa, in ci in tafi. In ba haka ba, mu kwashe tukwane."

Jiya da yamma aka sauke ta a Apo. Yau ce Asabar ɗin.

Ta duba cikinta ko za ta sami tsoro, ba ta samu ba. Ta nemi fushi, shi ma babu. Tun da ta tashi daga ciwon zuciyarta ta bi hannun, sai ta riƙa ganin abin da ya kamata ya dame ta yana wucewa ta gabanta ba ya taɓa ta. Ta san dai in aka mayar da ita ɗakin nan na Jabi ba za ta sake fitowa da ƙafarta ba. Wannan ma ta san shi ne kamar yadda ta san yau Asabar.

Tana nan zaune sai ta tuna wata safiya a kicin ɗin Jabi. Matar Muktar na kaɗa ƙwai da wani abu na wayoyin ƙarfe, ɗaya hannun kuma na riƙe da salula a kunne tana hira da ƙawarta. A lokacin Batulu ta kawar da kai ne kawai. Yanzu ta ga abin da ba ta lura da shi ba a ranar: hannu ɗaya yarinyar ta yi aiki da shi.

Thaddeus ya leƙo rumfar yana goge hannu da tsumma. Tsohon makaniki ne mai furfura a gemu, ya fi shekara goma yana cin tuwonta, kuma har yau Hausarsa ba ta raba mace da namiji.

"Mama, ka dawo? Sannu da zuwa. Yaya jiki?"

"Da sauƙi. Akwai mota a hannunka?"

"Akwai jif na wani oga, na gama birki, zan gwada shi."

"Gwada shi zuwa kasuwar Garki."

Ikilima ta tsayar da muciya. "Kasuwa kuma, Yaya? Me ya ƙare?"

"Babu. Ki janye itacen babbar tukunya, kada ruwan ya ƙone. Kuma kada ki taɓa ta."

Sai da Thaddeus ya tallafa mata ta hau motar. Suka ratsa layukan gareji, ta cikin ƙarar guduma da warin baƙin mai, suka hau kwalta. Bakinsa bai huta ba. Ya ce yanzu kowa a Abuja ya sayi mota, har masinja, aiki ya yi musu yawa har suna korar mutane. Ya nuna mata wani dogon gini da babu shi ranar da ta faɗi, yau har an sa masa gilashi. Batulu ta kalla don ya ce ta kalla.

"Kun sha wuya a hannun Ikilima ko?" ta tambaye shi.

Ya yi dariya, ya danna wa wani mai tasi hon. "Mama, mun yi kewarka sosai."

Shagon Alhaji Lawal na cikin layin masu kayan kicin. Bakane ne, ɗan gajere mai tumbi, kayansa daga Dubai da Sin, tun daga ƙasa har rufi. Ya tarbe ta da fara'ar da ake yi wa uwar amarya.

"Hajiya, bismillah. Kula ce, ko saitin tukwane? Jiya aka sauke sababbi."

"Abin kaɗi nake so. Na ƙarfe."

"Wiska ke nan. Muna da su kala-kala. Me za a kaɗa, ƙwai ko kek?"

"Kuka."

Alhaji Lawal ya dube ta da kyau. "Kuka kuma? Hajiya, ai masu maburgi na can bakin ƙofa, kin wuto su."

Ta sa hannun dama ta ɗauko na hagu daga cikin mayafi, ta ɗora shi a kan teburinsa, tsakanin wani faranti da kwalin cokula. Yatsun suka kwanta a lanƙwashe. Alhaji Lawal ya kalli hannun, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya jawo mata kujera. Daga nan ya ajiye fara'ar ciniki ya koma mutumin da ke son sana'arsa.

Ya fara da na lantarki. Ya ce wannan maɓalli kawai za ta danna.

"A Apo? Murhuna na itace ne, wutarmu kuwa sai ranar da ta ga dama."

Ya mayar. Ya ɗauko wani mai kumburarren kai, wayoyinsa sirara masu yawa, yana ƙyalli. Ya ce shi amare suka fi saye, in aka sa shi a farin ƙwai sai ya tashi ya cika kwano, don iska yake tarawa. Batulu ta karɓa ta danna kansa a kan tebur, wayoyin suka baje.

"Miya ba ta son iska. Kuma kuka in ta fara kauri, wannan sai ta karya masa wuya."

"Gaskiya ne," in ji shi. "Ban yi wannan tunanin ba."

Akwai wani ja mai rigar roba, wanda ya ce ba ya kankare tukunyar zamani. Ta tambaye shi ko robar ta taɓa haɗuwa da gefen tukunyar da itace ya ci tun safe. Ya ajiye shi. Akwai wani shimfiɗaɗɗe na kaskon suya, wanda shi da kansa ya ture gefe. Sai wasu gajeru guda biyu, ta gwada tsawonsu da damtsenta ta ce tururi zai dafa mata hannu kafin miya ta dahu, ita kuwa hannu ɗaya ya rage mata.

Thaddeus na tsaye a bakin shago yana duba agogo. Rana ta fara ɗagawa.

"Tukunyar taki lamba nawa ce?" in ji Alhaji Lawal.

"Talatin."

"Haba, ai da kin faɗa. Ni ina ta nuna miki kayan ɗakin amarya."

Ya durƙusa da ƙyar ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin kanta, ya kaɗe ƙura. Na ciki dogaye ne, sun kai kamu ɗaya da rabi, kansu tsukakke, wayoyin ba su fi takwas ba amma masu kauri. Ya ce masu dafa abinci a manyan otal ne ke zuwa nemansu, don abu mai nauyi aka yi su. Ta danna ɗaya a tebur da duk ƙarfinta, bai ko motsa ba. Ta ɗaga shi ta juya wuyan hannu a iska, ta ji nauyinsa har kafaɗa. Iri biyu ne a kwalin, mai mariƙin ƙarfe da mai mariƙin katako.

"Na ƙarfen ya fi ƙarko," ya ce.

"Ba ni na katakon. Aƙalla inda zan riƙe itace ne."

Ya faɗi kuɗin, ta kwance bakin zane ta biya. Alhaji Lawal ya tsaya da kuɗin a hannu, don bai saba ganin mace mai sana'a ta saya ba tayi ba. Abin ya dame shi har ya rage da kansa ya mayar mata. Thaddeus ma, wanda ya taɓa ganinta ta sa mai kifi rantsuwa a Kado, sai da ya sake kallon fuskarta.

Sha biyu ta gota da suka dawo. Ikilima ta gama kwashe tuwo tana ƙulla shi a leda tana jerawa a kula. Batulu ta zare abin daga jaka ta ɗora a kan benci, ta jira. Tana sane da duk abin da ta faɗa a kan ƙarfe da masu amfani da shi, a gaban wannan ƙanwar tata, shekara da shekaru.

"Faɗi abin da za ki faɗa," ta ce. "Yau ranarki ce."

Ikilima ta kalli abin, ta kalli yayarta, ta ɗauka ta wanke shi da sabulu ta miƙa mata.

Aka jawo kujera kusa da murhu, amma daga zaune hannun ba ya kai tsakiyar tukunya. Batulu ta miƙe ta jingina ƙugunta da ginshiƙin rumfa. Da can ita kaɗai take yi, ta barbaɗa kuka, ta murza, ta sake barbaɗawa. Yanzu dole wani ya barbaɗa.

"Kaɗi na ce masa, ban ce barbaɗe ba," in ji ta. "Zuba a hankali."

Ikilima ta ɗibi kuka a tafi ta fara saki ta tsakanin yatsu. Batulu ta tura ƙarfen cikin miyarta. Ta yi zaton za ta ji wani abu a wannan lokacin, ko kunya ce, amma ba ta ji komai ba sai zafin tururi. Ta shiga zagaya tukunya kamar mai juya koko. Kukar ta bi ruwa tana yawo, ta fara haɗuwa ƙulli-ƙulli. Wata ta shige cikin wayoyin ta dunƙule ta zauna. Batulu ta ƙara sauri, gudajin suka ƙaru. Tana kallonsu suna tasowa ɗaya bayan ɗaya, ta san tukunya guda ce, babu ta biyu, kuma azahar ta kusa.

Ikilima ta tsayar da barbaɗen. Ta cije leɓe, ta buɗe baki ta rufe. Can dai ta kasa daurewa.

"Ba zagaye za ki yi ba, Yaya. Karkata shi. Ki riƙa kai da komowa, da wuyan hannu, ba da kafaɗa ba. In ya cushe ki buga shi a bakin tukunya sau biyu."

Batulu ta buga, dunƙulen ya faɗo.

"Yawwa. Yanzu bi gefe, can suke ɓuya. Ki matse su da jikin tukunya."

Ta bi gefe. Gudajin suka fara fashewa. Ikilima ta ci gaba da saki, wannan karon daidai inda ƙarfen zai bi, ba ta wuce ba, ba ta makara ba. Miyar ta fara nauyi, ta yi duhu, ta yi sumul. Batulu ta ɗaga ƙarfen sama, yauƙi ya biyo shi zarara bai tsinke ba. Ta sake ɗagawa don ta tabbata. Bai tsinke ba.

Ba ta daina kaɗawa ba, ba ta kuma ɗago kai ba.

"A ina kika koya?"

Ikilima ta shiga kakkaɓe kuka daga tafinta.

"Da ke nake."

"Nawa ƙarfen yana cikin buhun masara."

"Tun yaushe?"

"Kwana huɗu da kwantar da ke. Na yi kwana uku da maburgi, Yaya, ana dawo mini da kwano rabi. Na ji tsoro kada ki warke ki tarar babu kowa. Sai na je na sayo."

"Suka ce me?"

"Ba su ce komai ba."

"Babu wanda ya tambaya?"

"Kullum sai sun tambayi jikinki. Har kuɗin magani suka so haɗawa, na ce ɗanki ya ɗauke."

"Miyar nake nufi."

Ikilima ta sunkuyar da kai. "Babu, Yaya."

A nan ne Batulu ta ji abu na farko cikin wata uku, kuma da za a ba ta zaɓi ba shi za ta zaɓa ba. Ya yi mata zafi ƙwarai. Duk zaman da ta yi a bakin tagar Jabi tana tausayin makanikan Apo, ashe suna nan suna lashe kwano. Ta so ta yi faɗa, ta rasa laifin da za ta kama. Ta ce a miƙo mata man shanu, ta zuba, ta ce a janye sauran wutar.

Makanikai suka fara zuwa, suna wanke hannu da omo a bakin rumfa. Kowa ya gan ta tsaye sai ya washe baki ya yi mata barka, ita kuma ta amsa. Ikilima ke zubawa, Batulu na zaune da hannun dama a kan gwiwa, yana rawa shi kaɗai saboda gajiya. Ta rufe shi da mayafi.

Bayan an sauko daga sallah akori-kurar ta tsaya a bakin layi. Muktar ya fito daga motarsa da ke biye da ita cikin farar shadda, yana tsallake baƙin mai a hankali. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon gefe yadda ta saba. Ya leƙa tukunya ya ga an ci rabi. Ya juya ga Ikilima.

"Inna, tsakaninki da Allah, wa ya kaɗa?"

"Ita ta kaɗa. Ni barbaɗe kawai na yi."

"Da idona na gani," in ji Thaddeus daga benci, baki cike. "Mama ya yi shi da kansa."

Sai Muktar ya hango abin a cikin bahon wanke-wanke. Ya ɗaga shi yana juyawa.

"Umma, ke da ƙarfe?"

"Ka zo ci ne ko ka zo bincike?"

Ya naɗe hannun riga ya zauna a tsakanin makanikai. Aka kawo masa malmala biyu da miya. Ya yi loma ɗaya, ya yi ta biyu, ya tsaya. Da wannan miyar aka biya masa makaranta tun daga firamare, kuma da ka kalli fuskarsa ka san abin da ya tuna ke nan. Idonsa ya kawo ruwa, ya ce hayaƙi ne.

"Ita ce," ya ce. "Wallahi ita ce. Duk Abuja babu mai yin wannan sai ke, Umma. Ko ido rufe aka ba ni zan gane hannunki."

Ikilima tana tsaye a bayansa da butar ruwa. Ta juya ta shiga gyara kwanonin da ba su buƙatar gyara.

Ya cinye tas. Ya gindaya sharuɗɗansa: magani safe da yamma, kujera mai tsawo da zai sa a ƙera mata, asibiti duk ƙarshen wata. Ta ce ta ji. Bai ƙara ambatar makulli ba. Ya sallami direban akori-kurar, motar ta juya babu ko murfin tukunya a bayanta, shi ma ya bi bayanta yana ta waiwaye yana murmushi.

Bayan la'asar rumfa ta yi shiru. Tukunya ta ƙare har ƙasa, sai ɗan abin da Ikilima ta kankaro musu a kwano da malmala ɗaya. Batulu ba ta sa komai a bakinta ba tun safe. Ta kalli kwanon.

"Akwai sauran miyar jiya?"

Ikilima ta yi kamar ba ta ji ba.

"Na san kina ajiye ta ɗumame. Ɗauko."

Ta shiga ciki ta fito da wani ƙaramin kwano, ta ɗumama shi a kan garwashi, ta ajiye kusa da ɗayan. Batulu ta gutsiri tuwo ta dangwala a miyar yau ta ci. Ta kurkure baki. Ta sake gutsira ta dangwala a ta jiya, wadda ba ta san hannunta ba. Ta daɗe tana juya lomar a baki, tana neman gudaji ko guda ɗaya, ko gishirin da ya yi yawa, ko daddawar da ta gaza. Ta koma ta yau, ta dawo ta jiya. Da wani zai musanya kwanonin tana kallon gefe, da ba za ta gane ba.

Ikilima na tsugune a gabanta tana jiran hukunci, yadda ta saba jira shekara ashirin.

"Litinin ke za ki kaɗa," in ji Batulu. "Ni zan zauna in barbaɗa miki."

"Yaya, ai kin iya. Kowa ya gani."

"Na iya yau. Dubi hannun." Ta ɗaga mayafin, hannun dama na nan yana rawa. "Kuma ke ma kin iya. Ni ce ban sani ba."

Ikilima ta goge ido da bakin zane. "In Muktar ya tambaya fa?"

"Ya ci, ya ce babu mai yi sai ni. Ki bar shi a haka."

Ta ture kwanon miyar yau gaban ƙanwarta, ta jawo ta jiya gabanta, ta ci gaba da ci.